Sau Huɗu Baba Ya Tashi

Kafin ku fara yi min ruwan zagi a ƙasan rubutun nan, don na san halin wasunku, ku tsaya ku ji yadda aka yi. Ni Tayyiba ina da surutu, ban musa ba. Amma ban taɓa ɗaukar maganar cikin gidanmu na kai waje ba sai ranar Talatar da ta wuce.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni: gidanmu a Kwarbai yake, cikin birnin Zariya, gidan ƙasa mai zaure biyu da kakan Baba ya gina. Mahaifina, Malam Jibril, shekara ashirin da shida yana limancin masallacin unguwarmu. Bara likitoci suka gano yana da kansar furostet, ciwon dajin nan da ke kama maza a ƙasan mafitsara. Aka yi masa gashi da na'ura a asibiti har sati bakwai, kullum ban da Asabar da Lahadi. Ni ce mai raka shi, saboda yayana yana aiki a Legas, Umma kuma bayanta ba ya jure jijjigar adaidaita sahu.

Likita ya ce ciwon ya kwanta, mun gode Allah. Sai dai gashin ya bar mana nasa. Fitsari ya daina yi wa Baba sallama. Daga zaure zuwa banɗaki taku ashirin ne, na ƙirga, kuma akwai ranar da taku ashirin ɗin ke yi masa yawa. Ga raɗaɗi idan yana yi, ga ciki da ke murɗa masa ba gaira ba dalili, wani lokaci har da jini a bayan gida. Mutumin da ke karantar da magidanta daga asuba har hantsi, yanzu shafi biyu zai karanta ya jingina da bango yana maida numfashi.

Wata uku da gama gashin ya miƙa limanci ga na'ibinsa. Ya ce wa jama'a jiki ya fara neman hutu, suka ɗauka tsufa ne. Gaskiyar ita ce shi da bakinsa ya sha koyar da cewa mai yoyon fitsari sallarsa ta yi, amma ba a so ya shiga gaban masu lafiya. Baba kuwa ba mutumin da zai koyar da abu ya take shi ba ne. Ni da Umma da yayana kaɗai muka san wannan. Ko Baffa Nasidi, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, iyakar saninsa an yi wa yayansa magani a asibiti.

Akwai wata rana da ba zan manta ba. Muna dawowa daga gashi, cunkoso ya riƙe mu a Ƙofar Doka. Na ji Baba ya damƙe ƙarfen adaidaita, na waiga na ga ya rintse ido. Kafin mu fita daga cunkoson, wandonsa ya jiƙe har gwiwa. Na zaro gyale daga jakata na shimfiɗa masa a cinya, na shiga yi wa direba masifa a kan zafin rana don kar ya waigo. Da muka iso gida Baba ya yi wanka, ya kira ni ɗakinsa.

"Tayyiba, ki yi min alkawari."

"Na me, Baba?"

"Abin da kika gani yau, da wanda za ki gani gaba, ba zai fita daga bakinki ba. Ko ga mijin da za ki aura."

Na ce na yi alkawari. Ban ko yi tunani ba, don a lokacin da ya ce in ba shi idona ɗaya da na cire na ba shi.

Tun daga ranar ni ce mai sayo masa famfas na manya. Har Sabon Gari nake zuwa, da niƙabi, ni da ko a Islamiyya sai an yi faɗa nake sa shi. Alhali Muhsin, wanda ya shekara biyu yana nemana, kemis gare shi a Ƙofar Kibo, kuma irinsu suna nan jibge a bayan kantarsa. Baba ya tsani abin nan. Yana sa shi zufa, yana goge masa fatar da gashi ya riga ya ƙona, don haka ba ya sawa sai zai fita ko yana jiran baƙi.

To, ranar Asabar manyan Muhsin suka zo maganar sa rana.

Jagoransu Alhaji Zailani ne, yayan baban Muhsin, wanda duk zuriyarsu ke kira Alhaji Babba. Dukawa ne, sana'ar fata suka gada, kuma Alhaji Babba na cikin mutanen da ke shiga wuri da kunne a buɗe suna jiran a yi musu gori. Shi da dattawa uku suka iso bayan Azahar, cikin manyan riguna masu aikin hannu, da ƙwaryar goro da alewa. Umma tun safe take kan tanda, ta yi waina da miyar taushe, ga kunun aya mai sanyi. Ni kuma, duk da na san ba mai ganina, na ɗaura atamfata ruwan ganye sabuwa fil, na sha turare, na je na maƙale a bayan ƙofar zaure na ciki. Umma ta wuce ni sau biyu tana yi kamar ba ta gan ni ba.

Baba ya shirya wa ranar nan. Tun daren Juma'a bai ci wani abin kirki ba, ruwa ma kurɓa ɗaya ya yi da magani. Amma cikinsa ya zaɓi ranar ya tashi.

Ana tsakiyar gaisuwa ya ce, "Ku yi min afuwa," ya shigo. Ya wuce ni da sauri yana dafa bango. Wannan bai dami kowa ba.

Ya koma ya zauna. Alhaji Babba ya gyara murya ya fara bayanin asali, kamar yadda ake yi. Ya ce, "Mu dai Malam, ba ma ɓoye kanmu. Dukawa ne tun kaka da kakanni, da fata aka rene mu." Wallahi bai rufe baki ba Baba ya miƙe. Na san murɗawar ciki ce, na ga zufa a goshinsa da ya wuce ni. Amma su me suka gani? Sun ga malamin Kwarbai ya ji kalmar dukawa ya tashi ya bar su. Ina jin Baffa Nasidi yana ta "Bismillah, ku sha ruwa," ba wanda ya amsa.

Tashi na uku ya zo daidai lokacin da aka ce, "Mun zo roƙon a sa wa yaran nan rana." Na dafe ƙirji na ce a raina, Baba daure, minti biyu kawai. Bai iya ba.

Aka kawo waina, ya ce su ci, shi ya ƙoshi. Sai aka kira La'asar. Ruwa ya fara yayyafi, don haka suka yi alwala a nan bakin zaure, suka jera sahu. Alhaji Babba, ina jin yana so ya ba shi dama ta ƙarshe ne, ya ce, "Malam, bismillah, shiga gaba."

Baba ya ce, "Ku yi, Alhaji. Zan yi tawa a ciki."

"Gidanka ne, kuma kai ne malami."

"Nasidi zai ja ku."

Ya shigo, karo na huɗu. Suna sallamewa suka sa takalmansu. Wainar Umma ko rabi ba a ci ba, kuma ba a sa rana ba.

Ranar Lahadi da safe saƙon Muhsin ya shigo.

"Tayyi, me ya faru jiya?"

"Me aka ce maka?"

"Alhaji Babba ya ce Malam ya ƙi zama da su, ya ƙi cin abinci da su, ya ƙi jan su salla. Ya ce tunda yake ba a taɓa wulaƙanta shi haka ba."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Ina kallon ya ga ina rubutu, yana jira. Daga ƙarshe na tura masa, "Baba ba ya raina kowa."

"Na sani. Ni na sani. Amma ba ni zan gamsu ba. Ya rantse ba zai ƙara taka Kwarbai ba, ya ce in je in nemi 'yar dukawa 'yar uwata. Kin san babana ba ya tsallake maganar yayansa."

Na kifa wayar a kan katifa na yi kuka mai isata. Ina son Muhsin, ba zan yi muku ƙarya ba. Mutum ne mai sanyin hali da ba ya iya faɗa ko da mai kabu-kabu, kuma shi kaɗai ke dariya da gaske idan na yi barkwancina mara daɗi. Shekara biyu yana tsayuwa a ƙofar gidanmu da farar rigar kemis a ninke a hannu. Na ga abin nan yana zamewa daga hannuna saboda taku ashirin.

Da hantsi na kai wa Baba kunu. Na same shi a kan buzu, ya ɗora littafi a cinya amma ba karatu yake ba.

"Baba, sun yi fushi."

"Na sani. Na ɓata musu, kuma suna da gaskiya. Zan tura Nasidi ya ba su haƙuri."

"Idan suka tambayi dalili fa?"

"Ya ce na yi kuskure."

"Baba, da ka ce musu ko ba ka jin daɗi ne kawai."

Ya ɗago ya dube ni. "Sai su ce me ke damuna. In ce ciki. Su ce wane irin ciki ne ke hana liman salla? Birnin nan kin san shi, Tayyiba. Yau in ɗaya ya ji, gobe ana maganar wandona a majalisa. Mutanen da na ɗaura wa aure, na raɗa wa 'ya'yansu suna. Ki bar ni da ɗan abin da ya rage min."

Idonsa ya kawo ruwa. Ban taɓa ganin haka ba, ko a ranar da likita ya faɗa mana sunan ciwon. Na ɗauki kofin na fita.

Baffa Nasidi ya je gidan Alhaji Babba a Ƙofar Kibo ranar Litinin. Aka bar shi tsaye a ƙofar gida kusan rabin awa, sannan aka aiko cewa Alhaji yana hutawa. Ya dawo yana huci, ya ce wa Umma shi ma an wulaƙanta shi, don haka an yi ɗaya da ɗaya, kowa ya riƙe nasa. Umma ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado.

"Ki yi haƙuri. In mijinki ne zai dawo."

"Umma, ke ki yi wa Baba magana mana."

"Shekara talatin ina tare da mutumin nan. Zai yarda a yanka shi da a san wannan." Ta gyara min ɗankwali. "Kar ki kuskura, kin ji ko? Na ga idonki."

Talata da azahar Muhsin ya rubuto: "An kira ni taron gida ranar Juma'a. Za a ce in janye. Ki ba ni dalili ɗaya tak in kai musu, Tayyi. Ɗaya."

Na shiga ɗakin girki na turo ƙofa. Na danna saƙon murya, niyyata in ce Baba ba shi da lafiya, shi ke nan. Amma kun san bakin da ya shekara a ɗaure. Na faɗi kansar, na faɗi gashin, na faɗi Ƙofar Doka da gyalena. Na faɗi dalilin barin limanci, har Sabon Gari da niƙabi na faɗa. Minti bakwai da daƙiƙa goma sha biyu. Na tura.

Ya kira nan take.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara guda kina ɗauke da wannan ke kaɗai? Kina wuce shagona ki tafi Sabon Gari?"

"Don Allah kar kowa ya ji."

"Alhaji Babba kaɗai. Shi ma sama-sama zan faɗa masa."

Na ce to. A nan ne nake so ku zage ni in za ku zaga. Na san zai faɗa. Don ya faɗa ɗin na faɗa masa. Kuma na san Muhsin bai iya sama-sama ba, idan Alhaji Babba ya zare masa ido har abin da ba a tambaye shi ba zai zazzage. Abin da ban kawo a raina ba shi ne abin da kowane Bahaushe ke yi idan ya ji an ce wane ba shi da lafiya.

Alhamis da hantsi ina wanke-wanke. Baba na zaure da farar jallabiya mara nauyi, ya sha maganinsa da kofin ruwa cike, bai sa famfas ba tunda ba ya jiran kowa. Sai na ji mota ta tsaya, na ji sallama da muryar da na sani.

"Assalamu alaikum! Malam, mun zo dubiya!"

Kwanon da ke hannuna ya faɗi. Na ruga bayan ƙofa da kumfa a hannu, na leƙa ta tsagar katako. Alhaji Babba ne da dattawan nan uku, har da ƙarin biyu da ban sani ba. Muhsin na bayansu, hannu biyu cike da ledoji: lemo, ayaba, kankana, da wata ƙatuwar baƙar leda da na gane siffar abin da ke cikinta tun kafin ya ajiye.

Alhaji Babba bai zauna a kan darduma ba. Ya durƙusa a gaban Baba, dattijo mai furfura, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Malam, ka yafe min. Na zalunce ka. Ashe kana cikin wannan jarrabawa muka zo muka zaunar da kai, har na tafi ina zaginka a raina. Wallahi da yaron nan ya faɗa min ban iya cin abinci ba."

Baba ya ce, "Me ya faɗa maka, Alhaji?"

"Komai, Malam, komai. Ai ba abin kunya ba ne. Fitsari ne, kowa na yi. Abokina na kasuwa haka ya yi fama bayan gashin nan, har a masallaci ya sha kufce masa. Ga su Alhaji nan, duk na gaya musu a mota, don su ma su nemi gafararka."

Dattawan suka haɗa baki, "Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Allah ya sa kaffara ne."

Baba ya juyo da kai a hankali ya dubi ƙofar da nake bayanta. Sau ɗaya. Ba zai iya ganina ba, amma na ji kamar babu katakon. Sannan ya maida fuskarsa gare su ya yi murmushi, ya ce, "Amin. Na gode da zumunci."

Suka baje. Wannan ya kawo labarin wani sassaƙe da ake jiƙawa, wancan ya ce a daina shan shayi. Alhaji Babba ya jawo baƙar ledar ya tura gaban Baba, ya ce, "Wannan daga shagon ɗanka ne. Daga yau kar yarinya ta ƙara wahalar zuwa Sabon Gari." Muhsin ya sunkuyar da kai yana murmushin wanda ya yi abin kirki. Kuma abin kirkin ya yi niyya, shi ne abin da ya fi ci min rai.

Kowane minti goma sai Alhaji Babba ya ce, "Malam, in za ka zaga ka tashi abinka, mu 'yan gida ne yanzu."

Baba ya ce, "Ba komai, Alhaji."

Bai tashi ba. Ina kallon yatsunsa sun damƙe gefen darduma, ina kallon jijiyar wuyansa. Na san kofin ruwan nan, na san minti nawa yake ba shi. Minti ashirin suka wuce, arba'in suka wuce. Ya jawo rawaninsa da ke gefe ya warware shi a kan cinya kamar mai jin sanyi, ya ci gaba da amsa musu magana da murya daidai. Na cusa bakin hijabina a baki don kar su ji kukana.

A zaman nan aka sa rana. Alhaji Babba da kansa ya ce kar a ƙara wahalar da Malam da wani taro, a yanke yanzu. Asabar ta uku bayan Babbar Salla. Aka shafa fatiha. Suka miƙe, Baba ya ba su hannu daga zaune, suka ce ya yi zamansa, ai mara lafiya ba ya rakiya.

Motar na tashi wayata ta yi ƙara a aljihu. Muhsin ne: "Alhamdulillah! Kin ga? Gaskiya ta gyara komai, amaryata."

Na tura ƙofar na shiga zauren. Baba na nan inda suka bar shi, ledojin lemo kewaye da shi. Dardumar ta yi duhu daga ƙarƙashinsa har bakin tabarma. Na durƙusa, na miƙa hannu zan ɗauke rawanin kamar yadda na saba.

Ya dafe shi.

"An sa rana," in ji shi, idonsa na kan bango. "Allah ya sanya alheri."

"Baba, don girman Allah ka saurare ni. Za su raba mu ne, ban san za su zo ba, ban..."

"Kira min uwarki. Ki ce ta zo da zane da buta."

"Ni zan kawo, Baba. Ni nake yi kullum."

Sai a lokacin ya dube ni. Babu faɗa a fuskarsa, da ma faɗan ya yi.

"A'a, Tayyiba. Ke baƙuwa ce a wannan yanzu. Fita, ki ja min ƙofar."